Kada gwamnati ta karɓi manhajar da ba a haɗa ta da takardar tsarinta ba

Magidancin da ya mallaki fili a unguwar Pantami, ya kuma yi masa rajista a hukumar GOGIS ta jihar Gombe, ya danƙa amanar gadon 'ya'yansa ga wata manhaja da bai taɓa ganin cikinta ba. Filin zai daɗe fiye da kamfanin da ya rubuta manhajar. Bayan shekara ashirin wani matashi ne daban zai buɗe ta domin gyara, kuma abin da zai fara nema shi ne dalilin da ya sa aka gina kowane sashe yadda aka gina shi.

A ƙa'ida, manhaja tana da rubutu iri biyu. Akwai takardar tsari, wadda ake yi kafin aiki, mai bayyana abin da ake so da hujjar zaɓen wata hanya a bar wata. Akwai kuma bayanan da mai rubuta manhaja yake sakawa a tsakanin layukan umarnin kwamfuta. Abin da aka saba gani shi ne takardar ta kwanta a ofishin darakta, umarnin kuma ya ci gaba da sauyawa a kwamfutar ɗan kwangila, har su daina sanin juna.

Wannan rabuwa ta taɓa cinye kumbo sukutum. Ranar 23 ga Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa Mars Climate Orbiter, wanda aka kashe wa kimanin dala miliyan 125. Takardar tsari ta ce a fitar da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin newton, amma wani sashen manhajar ya riƙa fitar da shi da ma'aunin fam, bambancin da ya haura ninki huɗu. Takardar tana nan, daidai take, sai dai aikin bai bi ta ba.

Maganin ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna a zauren karatu. Mai hashiya ba ya sakin magana a iska. Sai ya kawo lafazin matanin da yake nufi, ya ce "ƙauluhu kaza", sannan ya yi bayani, don ɗalibi ya iya komawa asali ba tare da lalube ba. Haka masu harshen Python suke yi tun shekarar 2000: kowace babbar shawara tana da takarda mai lamba da ake kira PEP, bayanan manhajar kuma suna ambaton lambar. Wanda ya ga an rubuta PEP 484 ya san inda zai karanta hujjar. Ba ya buƙatar lambar wayar kowa.

Masu kwangila za su ce wannan ƙarin aiki ne, kuma gaskiyarsu. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba: manhajar da mutum ɗaya kaɗai ya san sirrinta tana mayar da gwamnati 'yar haya a gidanta, duk gyara sai an koma wurinsa, a farashin da ya yanka.

Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, ɗan wannan unguwa, ya shugabanci NITDA daga 2016 zuwa 2019, kuma a zamaninsa aka tsananta dokar cewa ma'aikatun tarayya su nemi amincewar hukumar kafin su fara ayyukan fasahar zamani. Wancan tantancewa ce ta ƙofar shiga. A ganina jihohi, da Gombe a gaba, su kafa irinta a ƙofar fita: kada a biya kason ƙarshe na kuɗin kwangila sai an miƙa takardar tsari mai lambobi, an ajiye ta wuri ɗaya da umarnin manhajar, kowane sashe yana nuni ga ɗan'uwansa. Gwajin ma ba shi da tsada. A ɗauko ɗalibin ajin ƙarshe na kimiyyar kwamfuta daga Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, a nuna masa sashe guda, a ba shi awa ɗaya ya nemo dalilinsa a rubuce.