Guzurin da Babu Wanda Ya Gani

Wani matashin fasto da ya dawo daga makarantar tauhidi ya hau bagade a majami'armu ya ce wai Yesu bai yawaita gurasa ba. A cewarsa, mutanen nan dubu biyar kowa da guzurinsa a ɓoye cikin riga. Da yaro ya miƙa gurasa biyar da kifi biyu, sai kunya ta kama manya, kowa ya zaro nasa. Wai narkewar rowa ita ce mu'ujizar. Na yi niyyar yi masa adalci, amma da kamar wuya.

Zancen ma ba nasa ba ne. Wani malamin Jamus, Heinrich Paulus, ya kawo shi a 1828, kuma a 1835 David Strauss, wanda shi kansa bai yarda da mu'ujiza ba, ya yi kaca-kaca da irin wannan fassara. Kwanan tuwo aka ɗumama mana.

To, ina guzurin? Labarin yana cikin Matiyu 14, Markus 6, Luka 9 da Yahaya 6, babu wanda ya ambaci ko ƙulli ɗaya. Markus ya nuna a guje jama'ar suka baro garuruwansu don su riga jirgin da Yesu ke ciki isa. Mai gudu yana tsayawa ɗaurin guzuri? Almajirai ne da kansu suka roƙa a sallami taron su shiga ƙauyuka su sayi abinci. Mutum goma sha biyu a tsakiyar jama'a har rana ta yi sanyi, ba wanda hancinsa ya jiyo kifi a aljihun wani? Filibus ya yi lissafi, ya ga gurasar dinari 200 ba za ta isa ba, alhali dinari ɗaya ladan yini ne na lebura. Sa'annan marowatan da suka ɓoye abincinsu, su ne za su bar ragowar kwando goma sha biyu su tafi? Haba! Yahaya ya ƙara da cewa taron sun so naɗa Yesu sarki ƙarfi da yaji. Mu nan kowane Kirsimeti muna haɗa kwano, ba mu taɓa naɗa kowa ba saboda haka.

Faston ya kuma ce lambobin ishara ne. Wa ya musa? Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya fassara gurasa biyar da littattafan Musa biyar, bai kuwa taɓa cewa ba a ci an ƙoshi ba.

Kamannin labarin da na Elisha, gurasa ashirin ga mutum ɗari, marubutan Linjila sun san da shi tun kafin a haifi Paulus.

Batun cewa 'yan zamani ba za su gaskata ba kuwa, likitar da ke zama a bencin gaba tana nan ranar Lahadi, sai faston ya tambaye ta.