Ba Ruwa Ne Ke Cinye Hanyoyin Haɗejiya Ba

Tun da Ministan Ayyuka David Umahi ya fito a watan Agustan 2025 ya ce gyaran gadar Third Mainland ta Legas zai ci sama da naira tiriliyan uku, wata tsohuwar magana ta sake samun ƙarfi a bakin mutanenmu, har da masu zurfin boko. Wai kun gani ko, aikin gada a kan ruwa haka yake, tsada gare shi kuma ba a yi masa gaggawa, don haka mu mutanen fadama mu ƙara haƙuri, in ruwa ya janye za a zo a gyara. Ni wannan haƙurin ne ya ishe ni, kuma shi nake ganin ya fi ambaliya yi mana ɓarna.

Abin da ya kai kuɗin gadar Legas can sama shi ne ginshiƙan da ke ƙarƙashin ruwa sun daɗe suna lalacewa, masu haƙar yashi suna zaizaye gindinsu, ana ta shafa kwalta a sama. Sakaci ne ya yi tsada. Mu kuwa a nan ko ginshiƙin da za a yi sakaci da shi ba a ba mu ba a wurare da yawa. An tara jar ƙasa an yi tudu a tsakiyar fadama, an huda ƴan kwalbatoci nan da can, an shimfiɗa kwalta, an yanke ƙyalle an tafi. Hanyar da aka gina haka jinga ce. Ruwan da ya taso daga Ringim da Taura ya biyo ta Miga da Auyo yana neman hanyar Kirikasamma da Guri, idan ya tarar da tudu a gabansa sai ya taru a gefe guda ya cinye gonakin shinkafa, ya shiga gidajen ƙasa, daga nan ya nemi inda ya fi rauni ya ɓalle. Inda ya fi rauni kuwa kullum bakin kwalbatin nan ne da aka yi wa ƙaramin baki don a rage siminti da rodi.

Sai damina ta wuce a zo da tifa a zuba ƙasa a ramin, a mayar da kwalbati mai girman na da, a wurin da na da ya karye. Wannan shi ake kira gyara. An ga ruwan 2001, an ga na 2010, na 2012, na 2018, na 2020, sannan na 2022 da ya mamaye sassa da yawa na jihar Jigawa. Wane injiniya ne zai ce bai san iya inda ruwan Kogin Haɗejiya ke kaiwa ba? Hukumar NIHSA kan fitar da hasashen ambaliya tun kafin saukar ruwan farko, kuma sunan Jigawa ba baƙo ba ne a cikinsa. Duk da haka ana ce mana abin ya zo ba zato.

Za a ce min ikon Allah ne. Babu Musulmin da ke musun ikon Allah, amma faɗin bakin kwalbati ɗan Adam ne ya auna shi da ma'auninsa, ya sa hannu a takarda, aka biya shi. Kada a fake da addini a rufe aikin ganganci.

Za a kuma ce babu kuɗi, doguwar gada mai ginshiƙai da za ta bar ruwa ya wuce ta ƙasa ta fi ƙarfin kasafin jiha. Wannan ma ba ta shiga kunnena. A tara abin da aka kashe wajen cike rami ɗaya sau huɗu ko biyar, a haɗa da buhunan shinkafa da tabarmi da gidan sauro da ake rabawa a makarantun firamare duk shekarar da ruwa ya zo, a ga ko bai gina gadar ba. Jinkirin kansa kuɗi ne. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500, buhun siminti ya ninka. Duk aikin da aka ajiye ana jiran ruwa ya janye, ko ana jiran kasafi ya fito, ɗan kwangila zai dawo da takarda ya ce a sake duba farashi, kuma za a duba masa. Manomin da tattasansa ya ruɓe a bakin hanya, da mai kifin da ya kasa kai kaya Kano daga kasuwar Haɗejiya, da mai naƙudar da aka ɗora a kwale-kwale saboda mota ba ta wucewa, babu wanda ke sake duba musu komai.

Wanda ke ganin ƙari nake yi ya dubi hanyar Kano zuwa Maiduguri. A 2006, zamanin Obasanjo, aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye. Sai ƙarshen 2021 aka ƙaddamar da sashen Shuwarin zuwa Azare da na Azare zuwa Potiskum, shekara goma sha biyar kenan. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke ta a yankin Katagum ta jihar Bauchi, motoci suka tsaya cik. Babbar hanyar tarayya ce wannan, wadda manyan ƙasa ke bi. In ita ta sha haka, me ake tsammani ga hanyar da ta bi ta Gujungu zuwa Haɗejiya, ko wadda ta nufi Nguru, balle ƙananan da ke haɗa ƙauyukan Guri da Birniwa da duniya?

Kuma tunda an taɓo ruwa, bari a faɗi wadda ba a son ji. Kogin nan ya daina zama kogin Allah ta'ala da ke tafiya yadda ya ga dama tun 1974, lokacin da aka gama madatsar Tiga a zamanin Audu Baƙo, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Tun daga nan hannun hukuma ke riƙe da ruwanmu, kuma hedikwatar hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are tana Kano. Manoman Kadawa da Kura suna noman rani da shi, birnin Kano yana sha, mu na ƙasa muna karɓar ragowa yadda aka ga dama. Da can kogi kan cika da damina ya wanke hanyarsa, ya bushe da rani ciyawa ta mutu. Yanzu ruwa na tsiyaya duk shekara, kachala ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, laka ta taru, ruwa ya karkata ya tumbatsa mashigar Marma yayin da wasu rassan suka ƙafe. A 2010 gwamnatin Jigawa ta fito fili ta ɗora alhakin ambaliya kan sakin ruwa daga madatsun, hukumar ta musanta, magana ta mutu a nan. Mun saba. Tun muna cikin tsohuwar jihar Kano ake yanke hukunci a kan Haɗejiya daga nesa, da aka ba mu Jigawa a 1991 ma nisan bai ragu yadda muka zata ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mai gina hanya da mai riƙe da ruwa ba sa zama a tebur ɗaya. Ma'aikatar ayyuka ta tarayya da hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA suna nasu, ma'aikatar ayyuka ta Dutse tana nata, hukumar koguna tana can. Hanya ta karye, kowa ya nuna ɗan'uwansa. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya zo Auyo ya ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, muka yi murna, kuma murnar ta cancanta. To amfanin gonar da za a noma ta wace hanya zai fita in Satumba ta yi? Gwamnatin tsohon Gwamna Badaru ta sayo injinan yashe kogi masu aiki a cikin ruwa, ta Umar Namadi ta ci gaba da aikin, na yaba, amma injina kaɗan ba za su share abin da aka bari ya taru shekara hamsin ba, kuma ko an share, ƙaramin kwalbati yana nan yadda yake.

Gwamna Namadi ɗan Kafin Hausa ne, ba sai an zana masa taswirar fadama ba. Shi da ƴan majalisarmu na Abuja nake wa magana. Kada a ƙara sa hannu a kan kwangilar cike rami a wurin da ruwa ya taɓa karyawa sau biyu. Wurin gada yake so, a auna shi da ruwan 2022, a gina tsakanin Nuwamba da Mayu lokacin da ƙasa ta bushe. A kafa allo a bakin kowane aiki da sunan kamfani da kuɗin da ranar gamawa, cikin Hausa, yadda samarin da ke kwana suna ɗura yashi a buhu don tsare jingar Haɗejiya za su san wanda za su tambaya idan ranar ta wuce.