Taskar Wasiƙu da Wahalar Magatakarda

Duk wanda ya taɓa riƙe muƙamin magatakarda a wata ƙungiya, ta malamai ce ko ta marubuta ko ta 'yan kasuwa, ya san cewa tun da imel ya karɓi aikin ambulan da kan sarki, mafi yawan abin da aka tattauna, da abin da aka zartar, da abin da aka yi saɓani a kansa, ya bar kundin da ke kan kanta ya koma cikin akwatin imel na mutum guda, wanda in Allah ya yi masa rasuwa, ko ya manta kalmar sirrinsa, ko kamfanin da ya ara masa akwatin ya rufe ƙofa, to tarihin jama'a guda ya salwanta ke nan. Wannan ne dalilin da ya sa nake son mu duba irin manhajojin da aka ƙera domin mayar da akwatin imel ya zama shafuka na intanet, waɗanda mai neman sani zai buɗe ya karanta a tsanake, mu kuma tambayi kanmu ko an ƙera su ne domin wanda amanar adanawa take wuyansa.

Aikin nasu, a bisa asali, ba mai wuyar fahimta ba ne. Akwai wani tsohon tsari da ake kira mbox, inda ake jera wasiƙu dubbai cikin fayil guda, ɗaya na bin ɗaya, kowace ta fara da layin da kalmar From take a kansa. Kuma ko a yau, in mutum ya nemi Google ya ba shi kwafin wasiƙunsa na Gmail, a wannan tsari zai karɓe su. Sai manhaja ta zo ta karanta wannan doguwar takarda, ta raba ta, ta ba kowace wasiƙa shafinta, sa'an nan ta tsara fihirisa bisa ga kwanan wata, da sunan marubuci, da mas'alar da ake magana a kai. Hypermail, wadda Kevin Hughes ya sake rubutawa a 1994 bayan Tom Gruber ya fara ta, da MHonArc ta Earl Hood, wadda ita ma ta fito a wannan zamani, su ne magabata a wannan fanni, kuma ina girmama su ƙwarai, domin shafukan da suke fitarwa ba su bukatar komai face a ajiye su, ko a kan intanet ko a cikin faifai, kuma shafin da aka yi tun kafin shekarar 2000 har yanzu yana buɗewa.

Amma fa kafin a kai ga wannan fa'ida, sai an ratsa wata ƙofa wadda ba kowa take bari ya shiga ba. Waɗanda suka ƙera waɗannan kaya masana kwamfuta ne, kuma 'yan'uwansu masana suka yi wa, saboda haka ba su ga aibi ba a ce wa mutum ya buɗe baƙin allo ya rubuta umarni da hannu, harafi bayan harafi, inda in ya tsallake alama guda aikin ya tsaya cik. In kuwa yana son ya canza kamannin shafi, ko ya mayar da kalmomin fihirisa zuwa harshensa, to a MHonArc sai ya rubuta wani fayil dabam na ƙa'idoji, bayan ya yi muɗala'ar littafin bayani mai tsawo, da Turanci irin na injiniyoyi. Magatakardan da nake magana a kansa mutum ne mai hankali da ilimi, mai yiwuwa ya fi injiniyan sanin darajar abin da ke cikin wasiƙun, sai dai yana da aikinsa da iyalinsa, kuma in ya gwada yau ya ci karo da saƙon kuskure da bai gane ba, zai ce sai wani lokaci, alhali kuwa wani lokacin ba ya zuwa. A nan hujjata take: wahalar manhaja ita ce take zaɓar wasiƙun da za su tsira, shi ya sa muhawarar masu rubuta manhajar Linux take a adane tsaf a lore.kernel.org, muhawarar sauran jama'a kuwa take ɓacewa.

Abu mafi daraja a taskar wasiƙu, a ganina, shi ne sanin wa ya amsa wa wa. Malamanmu sun daɗe da fahimtar cewa matani ba ya tsayuwa sai da isnadi, kuma da Muhammadu Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya shigar da wasiƙun Shehu al-Kanemi na Barno tare da raddin da aka mayar masa daga ɓangaren Shehu Usmanu, ta yadda mai karatu a yau yake iya auna hujja da hujja; da amsoshin kaɗai suka iso gare mu, da rabin ma'anarsu ya tafi. Kowane imel ma yana ɗauke da isnadinsa a ɓoye, watau lamba ta musamman da ake kira Message-ID, da kuma wani layi mai nuna lambar wasiƙar da ake amsawa, kuma da waɗannan ne manhaja take ɗinka silsilar zance. Sai dai silsilar tana yankewa cikin sauƙi: wani ya danna amsa a kan tsohuwar wasiƙa domin ya buɗe sabon zance, wani kuma manhajarsa ta zubar da layin gaba ɗaya, sai ka ga raddi ya faɗa ƙarƙashin tambayar da ba tasa ba. Kamata ya yi a ba mai adanawa hanya mai sauƙi ta gyara wannan da hannunsa, domin shi ne ya san mutanen da abin da suke jayayya a kai. Haka nan lambar da ake ba kowane shafi: wasu tsofaffin manhajoji suna ƙirga wasiƙu ne a jere, saboda haka in aka cire guda ɗaya aka sake gina taskar, sai lambobin su gusa, duk wanda ya kafa hujja da shafi kaza a cikin rubutunsa sai ya tarar da wata magana dabam a wurin.

Mu masu rubutu da Hausa kuwa muna da ƙarin damuwa. Imel an gina shi ne a kan haruffan Turanci tsura, sai daga baya, a 1992, aka fito da tsarin MIME domin ɗaukar sauran haruffa da hotuna da takardu. Harafin ƙ, in ya shiga hanya, yakan zama =C6=99, kuma aikin manhaja ne ta mayar da shi yadda yake; in ta yi kuskuren tsarin da za ta karanta da shi, sai mai karatu ya ga Æ™ a tsakiyar kalma, shafi duka ya cika da irin wannan shirme. Ko an tsira daga wannan ma, saura bincike, domin a shekarun da babu haruffa masu lanƙwasa a kan allon rubutu, wani ya rubuta k tsura, wani ya sa mata waƙafi a gefe, wani ya ari q, kuma akwatin binciken da bai san cewa duk abu guda ake nufi ba zai ɓoye wa ɗalibi yawancin abin da yake nema. Ajami kuma, da yake tafiya daga dama zuwa hagu, nasa sha'anin ya fi haka wuya.

Wani zai ce, to me zai hana a bar wa manyan kamfanoni, tun da nasu kayan ba su da wahala? Amsar tana cikin abin da ya faru da Yahoo Groups, inda marubutan Hausa da masu sharhin finafinai suka yi muhawarori masu zafi a farkon shekarun 2000. A ƙarshen 2019 kamfanin ya sanar da cewa zai share abin da aka tara, ya ba mutane ɗan wa'adi su kwashi nasu, sa'an nan a ranar 15 ga Disamba 2020 ya rufe gaba ɗaya. Waɗanda suka yi azama suka nemi kwafi sun samu tarin fayiloli, kuma ina da yaƙinin cewa har yanzu akwai masu riƙe da irin waɗannan a cikin tsohuwar kwamfuta, ba su san yadda za su mayar da su abin karantawa ba.

Akwai kuma mas'alar sirri, wadda bai halatta a yi sakaci da ita ba. Lokacin da hukumar makamashi ta Amurka ta saki wasiƙun kamfanin Enron a 2003, wajen rabin miliyan daga cikinsu suka zama abin nazari ga kowa, har da al'amuran gida na ma'aikatan da ba su da laifin komai. Wasiƙa amana ce, kuma manhajar da za ta zuba komai a fili, da lambobin waya da zancen rashin lafiya da bashi, ba tare da ta ba mai adanawa damar tacewa ba, ta sa shi cikin cin amana ba da niyyarsa ba. ePADD, wadda ɗakin karatu na Jami'ar Stanford ya fitar a 2015, ta kama hanya mai kyau a nan, domin tana barin mutum ya duba, ya ware abin da za a rufe, kafin a buɗe wa jama'a saura.

Abin da nake roƙon sassan nazarin kwamfuta na jami'o'inmu, da ma'aikatan wurare irin su Arewa House da Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, bai wuce ƙarfinsu ba, tun da tushen waɗannan tsofaffin manhajoji a buɗe yake ga kowa ya gyara. A yi musu fuska da Hausa, inda magatakarda zai zaɓi fayil, ya ga wasiƙun a gabansa, ya gyara silsila, ya rufe abin da ya kamata a rufe, ya danna maɓalli guda. Abin da zai fito kuma ya zama shafuka tsura da za su buɗe ko babu intanet, masu adireshin da ba ya canzawa, da binciken da ya san lanƙwasa. A kuma sa manhajar ta riƙa ajiye fayil ɗin asali a gefe ba tare da ta taɓa shi ba, domin in wata rana aka yi jayayya a kan abin da wani ya rubuta, a samu asalin da za a koma a gwada da shi.