Don Allah A Riƙa Auna Hasken Fitilar Mota

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in ja hankalin direbobin da ke kwaso mu daga kasuwannin ƙauye da daddare.

Jama'a, wat ɗin da ke jikin kwali ba shi ne haske ba, wutar da ƙwan ke ci ce. Da lumen ake auna haske. Ƙwan H4 mai wat 55 yana ba da lumen kusan 1,000 a hasken kusa, kuma ya isa in an saita shi. Amma sai ka ga an cusa ƙwan LED a gidan fitilar da ba nasa ba, haske ya watsu sama, ya kashe idon mai tahowa, rami kuwa ba a ganinsa.

Gwajin ba wuya. Tsaya a wuri mai daidai, mita 10 daga bango, ka kunna hasken kusa. Bakin hasken ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar. In lodi ya danne baya, a sake dubawa.

Shugabannin tasha, don Allah ku sa ido. Allah ya kiyaye hanya, amin.

Naku,
Mai sayar da albasa, Kano.