WAI ZA A RUSHE, TO KAI ME YA SA KAKE SAYE?

Jama'a, akwai wata ta'asa da ake tafkawa a tsofaffin unguwanninmu na Funtuwa, kuma na gaji da yin shiru a kanta. Ba fashi da makami ba ne, ba a fasa ƙofar kowa. Da sallama ake shigowa, a zauna a zaure, a sha ruwa, a yi addu'a, sannan a tashi da gidan mutane.

Kwanakin baya na je gaida wata gwaggona, sai na tarar da dillali zaune a zaurenta tare da 'ya'yanta maza biyu. Gidan na gado ne, ginin ƙasa, mijinta ya gina shi tun lokacin da auduga ke da daraja. Abin da na ji dillalin yana faɗi shi ne: "Hajiya, wallahi tausayinku nake ji. Titi zai biyo ta nan, kuma ba ku da takarda. Ranar da katafila ta zo ko kwabo ba za ku gani ba. Gara ku karɓi abin da Alhaji ya bayar." Sai na ce masa, "Malam, in dai rushewa za a yi, shi Alhajin me zai yi da gidan? Ko kuwa sadaka yake son yi wa katafila?" Ya yi 'yar dariya, ya ce wai shi Alhaji yana da hanya. To, a nan gizo ke saƙar.

Mai karatu, bari mu fara da abin da kowa ya sani. Funtuwa gari ne da hanya ta gina. Jirgin ƙasan da ya taso daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920 shi ya mayar da ita matattarar auduga, har ga shi muna da unguwa sukutum mai suna BCGA, sunan kamfanin gurzar auduga na Turawa. Nan ne hanyar Zariya, da ta Sakkwato, da ta Katsina wadda ta ratsa Bakori da Malumfashi suka haɗu. Masarar Ɗandume da Bakori da tumatirin Ɗanja, da yawansu ta nan suke bi. A 2024 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa. A shekarar ce kuma gwamnatin Dikko Raɗɗa ta sa garin cikin shirinta na sabunta birane tare da Katsina da Daura, wanda ya ƙunshi faɗaɗa tituna. Ga kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume a shekarun nan, suka shigo gari suna neman ko ɗaki guda na haya. Garin da mutane ke tururuwar shigowa, ƙasarsa ba ta faɗuwa. Alhaji ya san haka, dillali ya san haka. Gwaggona ce kaɗai ake so kada ta sani.

Yanzu ga maganar takarda da ake razana mutane da ita. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kamar titi ko makaranta. Wannan gaskiya ne. Amma dillali ba zai gaya maka cewa sashe na 29 ya ce a biya diyyar abin da aka gina a kan filin ba. Ba zai gaya maka cewa sashe na 34 ya ɗauki wanda ke riƙe da ginannen gida a cikin gari tun kafin dokar tamkar mai izinin gwamna ba, ko da bai taɓa riƙe satifiket a hannunsa ba. Ke nan gidan da aka gina tun zamanin En'e ba gidan banza ba ne a idon doka. Cewa "ko kwabo ba za ku gani ba" ƙarya ce, kuma ƙaryar da ake cin dukiyar marayu da ita.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce diyyar gini ake biya, ba ta ƙasa ba, kuma ginin ƙasa nawa zai yi? Za a ce diyyar gwamnati sai ka tsufa kana jira. Ban musa ba. Wanda titi zai cinye gidansa gaba ɗaya yana da dalilin yin lissafi. Amma gida nawa titi yake ci? Layi ɗaya ne na gaba, wani lokacin ma zaure da katanga kawai. Gidan da ke bayansa, wanda jiya yake cikin lungu, shi ne zai wayi gari a bakin kwalta. A fasa katanga a fitar da shaguna huɗu, hayarsu ta shekara ta ciyar da gidan. Wannan gidan na layi na biyu shi Alhaji ke farauta, domin ya riga ya ga taswira, ko ya ji daga bakin wanda ya gani. Hanyar da dillali ya ce yana da ita ke nan. Shi ya sani, ke ba ki sani ba, sai ya sayi rashin saninki da araha ya kira abin "zuba jari".

Kuma ku dubi abin da ake ba mutane a madadin gidan: naira. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da gidan ubansa a farkon 2023 ya ajiye kuɗin, ya je yau ya tambayi kuɗin siminti da kwano ya ji. Abin da na sha gani shi ne a raba kuɗi, wannan ya sayi babur, wancan ya ƙara aure, mata su sayi gado da kujeru, bayan shekara biyu tsohuwa tana ɗakin haya a bayan gari, nesa da asibiti, nesa da maƙwabtan da ta yi shekara arba'in da su.

Wanda ke ganin na cika zafi ya tuna Maroko ta Legas. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe ta, aka ce don lafiyar mazauna ne, dubban ɗaruruwan talakawa suka watse. Yau wurin yana cikin ƙasa mafi tsada a Nijeriya, kuma ba jikokin waɗanda aka kora ne ke zaune a kai ba. Gyaran gari yana haifar da arziki, ba shakka. Tambayar kullum ita ce aljihun wa zai shiga.

Su ma masu sayen ina da magana da su, musamman manomanmu na Malumfashi da Ƙafur da Bakori da suke sayar da masara, wasu har da gona, su zo su sayi kango don an ce musu "wurin zai tashi". Ku tuna Kano a watan Yunin 2023. Mutane sun sayi shaguna a Filin Idi da takardun gwamnatin da ta gabata, sabuwar gwamnati ta zo ta rushe su cikin 'yan kwanaki, aka koma zaryar kotu. In mai takardar gwamnati ya ga haka, ina ga kai da ka saya da takardar dillali da shaidu biyu? Gonar da ke ba ka buhu kowace kaka ta fi kangon da ba ka san inda titi zai bi da shi ba.

To mene ne abin yi? Magada, kafin ku saurari kowa, ku je ofishin filaye da hukumar tsara birane ku tambayi inda alamar titi ta tsaya, ku je da maiunguwa. Ku haɗa kuɗi ku nemi takardar mallaka da sunan magada; wahala ce, amma ta fi asara sauƙi. In rabon gado ya matsa, ba dole ne sai an sayar wa bare ba. A yi wa gidan kuɗi, mai hali a cikinku ya biya sauran. Malamanmu na Malikiyya sun san babin shuf'a: in abokin tarayya ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin karɓa a kan kuɗin da aka saya. Me ya sa ba ma jin wannan a wa'azi? Kuma a daina yanke shawara a zaure mata suna cikin gida, alhali suna da kasonsu da Allah Ya ba su.

Ita kuma gwamnati, in da gaske gyara take so, ta liƙa taswirar kowane titi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi, a karanta a rediyo da Hausa, tun kafin a ba da kwangila. Ranar da kowa ya san inda titi zai bi, kasuwar masu razana tsofaffi ta mutu.

Gwaggona dai ba ta sayar ba. Dillalin ya sake dawowa sau biyu, kuma kowane zuwa sai kuɗin Alhaji ya ƙaru. Gidan da za a rushe ke nan!

Allah Ya tsare mana mutuncinmu da gidajen iyayenmu, amin.