Me ya sa ƙasa ke girgiza a Maroko, amma ba ta girgiza a Zabori?

Ya kai mai karatu, ka tuna labarin da ka ji a rediyo cikin shekarar 2023. Ranar 6 ga watan Fabrairu ƙasa ta girgiza a Turkiyya da Siriya, mutane fiye da 50,000 suka rasu. Ranar 8 ga watan Satumba kuma ta girgiza a tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko, ta hallaka kusan mutane 3,000, galibinsu mazauna ƙauyuka masu gidajen laka da dutse. A wani ajin yaƙi da jahilci wata dattijuwa ta tambaye ni: "Malam, mu ma ɗakunanmu na laka ne. Yaushe za ta iso mana?" Tambayar tana da nauyi, kuma amsarta tana ƙarƙashin ƙafafunmu.

Ƙasa kamar ƙwarya ce da ta fashe

Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Ya rarrabu kamar ƙwaryar da ta fashe aka sāke harhaɗa ta. Manyan ɓangarorin bakwai ne, akwai kuma ƙanana da dama. A nan za mu kira kowane ɓangare faifan ƙasa. Nahiyoyi da tekuna duka a kan waɗannan faya-fayai suke zaune. A ƙarƙashinsu akwai dutse mai tsananin zafi wanda ya yi laushi, yana motsi a hankali kamar tuwo mai kauri a tukunya. Saboda haka faya-fayan ma suna tafiya. Tafiyar ba ta wuce santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin yadda farcenka ke tsiro. Ba ka jin ta, amma ba ta tsayawa.

Duk rigimar a bakin faifai take, wato wurin da faifai biyu suka haɗu. Ka ɗauki tabarma biyu ka tura su su yi karo. Za ka ga bakinsu ya tattare ya yi tudu, ko ɗaya ta shige ƙarƙashin ɗaya. Haka tsaunuka ke tasowa. Faifan Indiya yana tura na Asiya, shi ya sa tsaunukan Himalaya suka yi tsawo har dutsen Ebares ya kai mita 8,849. Namu faifan, wato na Afirka, yana matsawa arewa yana matse na Turai, da abin da bai kai santimita ɗaya ba a shekara. Wannan matsin ne ya ɗaga tsaunukan Atlas. Duwatsu sukan cije, su yi shekaru ɗaruruwa suna ɗauke da nauyin, ranar da suka kasa sai su suɓuce gaba ɗaya cikin ƴan daƙiƙoƙi. Wannan suɓucewar ita ce girgizar ƙasa. Ita ce ta faɗa wa Maroko, ita ce kuma ta kashe mutane fiye da 2,000 a Bumardas ta ƙasar Aljeriya a watan Mayu na 2003.

A Turkiyya faya-fayan goga juna suke yi gefe da gefe. Faifan Larabawa na tura wanda Turkiyya ke kai, shi kuma yana zamewa yamma.

Akwai kuma inda faya-fayai ke rabuwa. A nan narkakken dutse yake samun ƙofa ya fito, shi ne ake kira aman wuta. Alhazanmu sun tsallaka irin wannan wuri ba tare da sun sani ba: Bahar Maliya tsaga ce tsakanin faifan Afirka da na Larabawa, kuma tana ƙara faɗi da kusan santimita ɗaya kowace shekara. Baƙaƙen duwatsun da ke kewaye da Madina tsohon aman wuta ne, kuma a shekarar 1256 wuta ta fito daga ƙasa kusa da birnin. Gabashin Afirka ma yana tsagewa. A 2005 ƙasa ta buɗe a yankin Afar na Habasha, tsawon kusan kilomita 60. Dutsen Nyiragongo na Kwango, wanda ya yi amai a kan garin Goma a 2002 da kuma 2021, a kan wannan tsagar yake.

Ina Zabori take a cikin wannan?

A tsakiyar faifai take. Ko arewa ka nufa, ko gabas, ko yamma cikin tekun Atlantika, sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 2,000 kafin ka kai bakin faifan Afirka. Ƙasar da Zabori da Gaya da Kamba da Malanbil ke kai tsohuwa ce, ta daɗe da lafawa. Amsar tambayar dattijuwar nan ke nan: babbar girgiza irin ta Maroko ba abin da ake tsammani ba ne a jahar Dosso.

Amma ƙasar tamu ta yi nata ƙuruciyar, kuma shaidar tana nan. Wanda ya taɓa bin hanyar Natitingu a arewacin Benin ya ga tsaunukan Atakora, waɗanda jelarsu ta miƙo har wajen gandun dajin W da ke bakin kogin Kwara. Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, manyan ɓangarorin ƙasa sun yi karo a wannan yanki, suka tayar da tsaunuka. Ruwa da iska sun cinye su, abin da ya rage shi ne Atakora. Daga baya teku ya taɓa shigowa ya kwanta a kan wannan shiyya. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza da Kalambaina ta Sakkwato, daga ɓawon halittun wannan teku ta samu. Duk lokacin da na faɗi haka a aji sai an yi dariya, amma masu haƙar dutsen suna tsintar ɓawon a ciki har yau. A duwatsun Azbin kuma, a jahar Agadas, akwai tsofaffin duwatsun aman wuta da suka mutu, ga ruwan zafi yana ɓuɓɓugowa a Tafadek.

Kada dai ka ɗauka tsakiyar faifai ba ta motsi ko kaɗan. Tsohon karaya yakan yi ciwo lokacin sanyi. Akwai tsofaffin tsagogi cikin duwatsun Afirka ta Yamma da kan farka jefi-jefi. Birnin Akara na Gana ya girgiza a 1939. A watan Disamba na 1983 girgiza ta kashe mutane ɗaruruwa a yankin Gawal na ƙasar Gini. A Najeriya an ji ƙananan motsi a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da unguwar Mpape ta Abuja a 2018, mutane suka firgita amma ba a yi babbar ɓarna ba. A Kamaru, ranar 21 ga watan Agusta na 1986, tafkin Nyos da ke cikin bakin wani tsohon dutsen aman wuta ya saki iska mai shaƙe numfashi, mutane fiye da 1,700 suka mutu, da yawansu suna barci.

Abin da ya shafe ka

Na farko, jita-jita. Masana sun san wuraren da girgiza ta fi aukuwa, amma har yau babu wanda ya iya faɗin ranarta ko sa'arta. A watan Janairu na 2010 wani saƙon ƙarya ya bazu a Gana, jama'a suka kwana a waje suna jiran girgizar da ba ta zo ba. Idan irin wannan saƙo ya shigo wayarka da rana da lokaci, kada ka tura wa kowa.

Na biyu, a ganina abin da ya kamata ya hana mu barci a nan ruwa ne. A daminar 2024 ambaliya ta rusa gidaje masu ɗimbin yawa a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Yaɓen bango da gyaran indararo kafin ruwan farko ya fi mana amfani a kan tsoron girgiza.

Na uku, ƴaƴanmu da ke ci-rani ko karatu a Aljeriya, Maroko ko Turkiyya, su a bakin faifai suke kwana. Idan ka kira ɗanka, ka gaya masa: in ƙasa ta motsa yana cikin ɗaki, ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ya kāre kansa da wuyansa, ya nisanci taga. In motsin ya tsaya, ya fita fili nesa da bango da wayoyin lantarki. Kada ya yi gaggawar komawa cikin ginin da ya tsage, domin bayan babbar girgiza ƙanana sukan biyo baya har tsawon makonni.