Sabuwar gwiwa, tsohon gida: Abin da masu biya wa iyaye kuɗin tiyata ke mantawa a Gaya

Idan tsohuwa ta kai matsayin da ba ta iya tashi daga tabarma sai an kama ta, labarin ba ya daɗewa bai isa ga 'ya'yanta da ke Kwatano ko Legas ko Faransa ba. Nan da nan a buɗe zauren WhatsApp na dangi, a fara karo-karo, wani ya ce a kai ta Yamai, wani ya ce Kano, mai ƙarfi ya ce Tunisiya ko Indiya. Niyya ce mai kyau, kuma aikin sauya gwiwa ko ƙugu yana cikin tiyatar da ta fi yin nasara a duniya. Sai dai lissafin yakan tsaya a ƙofar ɗakin tiyata, alhali ga mutumin Gaya yawancin haɗarin yana jiransa ne bayan ya dawo gida.

A wannan aiki likita yana yanke bakin ƙashin da guringuntsinsa ya cinye, ya dasa ƙarfe da roba mai tauri, wani lokaci da tangaran, su maye gurbin mahaɗar. Tsarin da ake bi a ƙugu ya samo asali ne daga aikin likitan Ingila John Charnley a 1962. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 82 cikin ɗari na gwiwoyin da aka sauya gaba ɗaya suna kai shekara 25, na ƙugu kuma kusan kashi 58. Amma alƙaluman sun fito ne daga ƙasashe irin su Ostareliya da arewacin Turai, inda majinyaci ke zama kan kujera, yana da masai na zama, kuma likitansa na kusa.

A Gaya kuwa rayuwa a ƙasa ake yin ta. A kan tabarma ake cin abinci, a tsugune ake kewayawa, mace na girki a kan 'yar kujera, manomin shinkafa da mai lambu a bakin kogi suna wuni a duƙe. Tafiya a fili tana buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kimanin digiri 65, tashi daga kujera kimanin 95. Tsugunne da zaman tahiya kuwa suna neman digiri 150 ko fiye. Gwiwar da aka sauya galibi tana tsayawa ne tsakanin 110 da 125. Ma'ana, ciwon zai ragu sosai, tsohuwa za ta je kasuwa da ƙafarta, amma da wuya ta sake zama yadda ta saba a kan sallaya. Wajibi ne a gaya mata wannan tun kafin a shiga da ita, domin kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka sauya wa gwiwa ba ya gamsuwa da sakamakon, kuma tsammanin abin da aikin ba zai bayar ba yana cikin dalilan. Malamai sun yi ittifaƙi cewa wanda bai iya tsayuwa ko sujada ba yana da rangwamen yin salla a zaune, amma dattijo da yawa na jin nauyin shiga masallaci da kujera. Wannan hira ce da ya kamata a yi da shi da limaminsa tun da wuri.

Shi ƙugu matsalarsa gocewa. A makonni shida zuwa goma sha biyu na farko, likitoci da dama na hana majinyaci naɗe ƙafa, ko zama a wuri mai ƙasa, ko duƙawa sosai, don kada kan ƙarfen ya fita daga gurbinsa. To, a kwatanta wannan da hawan kabu-kabu, ko sauka cikin kwalekwale. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, kuma ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe, jama'a suka koma tsallaka kogi ta ruwa. Duk iyalin da ya dogara da likitan da ke hayin Benin ya ga yadda siyasa ke iya shiga tsakanin majinyaci da mai duba shi.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne ƙwayoyin cuta su kama ƙarfen. Ba ya faruwa da yawa, mutum ɗaya ne ko biyu cikin ɗari, amma idan ya faru masifa ce. Ƙwayoyin suna manne wa ƙarfe su yi wani rufi da magani ba ya ratsawa da kyau, sau da yawa sai an sake buɗewa, wani lokaci a cire ƙarfen gaba ɗaya, a yi makonni ana shan magani, sannan a sake dasa wani. Kuɗin da aka kashe da farko ya zama somin taɓi. A nan ne al'adar sayen kafso a hannun masu tallar magani take yin ɓarna: idan wurin ɗinki ya yi ja, ko yana tsattsafo da ruwa, ko zazzaɓi ya zo, aka danne shi da kafso, gwajin da zai nuna irin ƙwayar cutar yana iya fitowa babu komai. Haka kuma kumburi da zafi a sha-raɓa, ko numfashi ya riƙa sarƙewa kwatsam, alama ce ta gudan jini da zai iya toshe huhu ya kashe mutum cikin sa'o'i. Doguwar tafiya a zaune, a jirgi ko a mota, tana ƙara wannan haɗari. Daga Gaya zuwa Dosso kusan kilomita 150 ne, zuwa Yamai kusan 300.

Kada matasa su ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Ciwon sikila, wanda ya yawaita a Nijar da arewacin Najeriya, yana toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu ya ruguje, kuma wannan na samun 'yan shekara ashirin da talatin. Yawan shan magunguna irin su dexamethasone don neman ƙiba shi ma yana jawo hakan, ga kuma karayar ƙugu a haɗarin babur da aka bari a hannun mai ɗori har ta lalace. Wanda aka sauya wa ƙugu yana ɗan shekara 30 ya sani cewa mai yiwuwa ne ya sake komawa tiyata a rayuwarsa, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada. Mai sikila kuma yana buƙatar shiri na musamman da tanadin jini, don haka bai kamata a yi masa aikin ba tare da likitocin jini sun sa hannu ba.

Akwai masu cewa tunda haka ne gara a haƙura, a ci gaba da shafa man zafi. Wannan ma kuskure ne. Mutumin da ya shekara biyar a kwance tsokar ƙafarsa ta shanye, suga da hawan jini sun samu wuri, ga ƙoda da ciki da magungunan kashe zafi ke illatawa. Jinkirin ma yana da nasa farashi.

Abin da ya dace shi ne a sauya yadda ake lissafi. Kafin a tura ko dala, a tambayi likitan sau nawa yake yin irin wannan aiki a shekara, da wanda za a kira idan matsala ta taso da dare. A daidaita suga, a bar taba, a yi maganin ruɓaɓɓen haƙori ko gyambo, a kuma sanar da likita idan an yi allurar cikin gwiwa a watanni ukun da suka wuce. A ware kuɗin gashin ƙashi na aƙalla wata uku, domin gwiwar da ba a motsa ta a makonnin farko ba takan sandare. A ɗaga gado, a sa masai na zama da abin dafawa, a nemi wanda zai zauna da majinyaci. Aikin da aka yi a Babban Asibitin Yamai, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, yana da wata fa'ida da na ƙetaren teku ba shi da ita: ana iya komawa wurin wanda ya yi shi. Wanda ya zaɓi fita waje kuma kada ya baro asibitin sai da takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙarfen da samfurinsa da girmansa, tare da hotunan ƙashi, saboda likitan da zai gyara wata rana sai ya san abin da ke ciki.

Hukumomin lafiya na jihar Dosso su ma da nasu rabon. Ba lallai ne a fara sauya gwiwa a asibitin Gaya ba. Abin da garin ke buƙata shi ne isassun masu gashin ƙashi, da ma'aikatan jinya da aka horar su gane alamun haɗari, da layin waya kai tsaye zuwa likitocin ƙashi na Yamai, ta yadda wanda ya iso da kumburarriyar ƙafa ranar Asabar da dare ba zai jira Litinin ba.